Yaro da Babban Kifi a Gaɓar Kogin Kaduna

Daga watan Disamba, da zarar hunturu ya kankama, Kogin Kaduna yakan ja da baya ya bar duwatsunsa a fili. Wanda ya tsaya a kan gadar da ke tsakanin filin wasa na Ahmadu Bello da tsohuwar tashar jirgin ƙasa, ya leƙa ƙasa, zai ga wata rayuwa daban da ta kan titi. Ga 'yan wanki sun shanya kaya a kan duwatsu, ga masu lambu suna jan ruwa da inji zuwa alayyafo da latas, ga 'yan yashi suna cika tifa, ga masunta a kwale-kwale suna wurga birgi. Can gefe kuma, inda ba wanda ya damu da su, ga yara: 'yan Barnawa da Makera da Kakuri, in aka gangara yamma 'yan Nasarawa da Kudenda, kowanne da sandarsa da gwangwanin tana. Yawancin ranaku abin da suke komawa gida da shi bai wuce 'yan karfasa da kawara da ƙurungu ba, a soya a ci da garin kwaki. Amma akan yi ranar da zaren ɗayansu zai miƙe tamau, sandar ta lanƙwashe, bayan doguwar kokawa a jawo kifin da in yaron ya ɗaga kansa zuwa ƙirji, wutsiyar tana share ƙasa.

Nan take unguwa ta ɗauka. Kafin a kai kifin bakin titi hotonsa ya shiga WhatsApp da Facebook, kuma maganar da ke biyo baya iri biyu ce. Wasu su ce rabo ne, Allah ya ciyar da yaro. Wasu su ce ina iyayensa suke da suka bar shi a bakin kogi. Kowanne da gaskiyarsa, sai dai duka biyun suna saurin rufe zancen. Mai cewa rabo ne ya manta da ilimin da ke hannun yaron, mai faɗan iyaye kuma ya ɗauka tsawa za ta raba yaro da ruwan da ke bayan gidansu. A ganina yaron nan mai fatsa yana cikin 'yan ɗaliban da suka rage wa kogin a birnin da ya juya masa baya, kuma yana wannan karatu ba malami ba mai tsaro. Abin da ya kamata ya dame mu ke nan.

Kifin da ya fi faɗawa hannun yara cikin manya shi ne dangin masu gashin baki, wato tarwaɗa da ramboshi da ragon ruwa. Ba su da ɓawo a jiki, a ƙasan ruwa suke zama, da dare suka fi kiwo, kuma da gashin bakin nan suke lalubo abinci ko ruwa ya yi laka. Tarwaɗa tana da wata baiwa: a cikin kanta akwai abin da take shaƙar iska da shi kai tsaye, shi ya sa take rayuwa a kududdufin da ya kusa ƙafewa, da ruwan da ya gurɓace har sauran kifaye suka gudu. Ramboshi ɗan'uwanta ne, ana gane shi da wani fiffike na biyu mai tsoka a gadon bayansa kusa da wutsiya, kuma saurin girmansa ne ya sa masu kiwon kifi suke haɗa irinsa da na tarwaɗa. Duk wanda ya taɓa riƙe ramboshi mai rai ya san jikinsa tsoka ce zalla, ga santsi.

Sarkin su duka shi ne giwan ruwa: fari mai walƙiya, mai ɓawo, mai faffaɗan baki, wanda kifi 'yan'uwansa ne abincinsa. Yakan kusan kai mita 2 a tsayi. Manyan kifayen da ke lashe gasar Argungu galibi shi ne. A 2005 wanda ya zo na ɗaya ya kai kilo 75, sai da mutum huɗu suka ɗora shi a kan sikeli. A 2020 Abubakar Ya'u daga Augie ya ci gasar da mai kilo 78. Giwan ruwan da aka amince shi ne mafi nauyi da aka taɓa kamawa da sanda da ƙugiya, a tafkin Nasser na Masar aka kama shi a watan Disamba na 2000, ya ɗan haura kilo 104. A kwatanta wannan da yaro ɗan shekara goma, wanda da ƙyar yake wuce kilo 30. Sai dai giwan ruwa ba ya jure ƙazanta. Ba shi da dabarar tarwaɗa ta shaƙar iska, ruwa mai tsabta mai wadatar oksijin yake buƙata. Don haka ganinsa a wani yanki na kogi shaida ce cewa ruwan wurin yana da sauran lafiya, ɓacewarsa kuma ita ma shaida ce.

To, yaya aka yi yaro ya ci galabar abin da ya kai rabin nauyinsa, da zaren da in ka ɗaura wa bokitin ruwa zai iya tsinkewa? Amsar tana cikin ruwan. Kifi yana da jakar iska a cikinsa wadda ke daidaita shi, saboda haka muddin yana cikin ruwa nauyinsa kusan babu. Abin da yaron ke fama da shi ƙarfin gudu ne, shi kuwa ƙarfin gudun kifi ba ya daɗewa. Mafi yawan tsokar jikinsa an yi ta ne don fizga ta ɗan lokaci, ta kai hari ko ta tsira. In ya yi fizga uku huɗu a jere sai ta gaji, sai ya nemi hutu. Duk sirrin fatsa a nan yake. In kifi ya ja, ka sakar masa zare amma da ɗan riƙo, ya riƙa biyan kowane taku da ƙarfinsa. In ya tsaya, ka naɗe. Kada ka bar zaren ya yi sako-sako ƙugiya ta zame, kada ka ɗame shi ya tsinke, kada kuma ka bar kifin ya kai gindin dutse ko saiwar itace ya goga zaren. Haka ɗan Fulani ɗan shekara tara yake sarrafa bijimin da ya ninka shi sau goma: sanin halin dabbar ne, da sanin lokacin ja da lokacin saki. Yaron da ya yi haƙurin rabin awa a haka zai ga kifin ya taso sama ya kwanta a gefe guda, alamar ya sallama. Babba mai ji da ƙarfi sau da yawa a fizgar farko yake rasa nasa, don ya ƙi yarda kifi ya ja shi.

A ƙasashen da ake kamun kifi don nishaɗi, sandar tana da ɗan injin naɗe zare mai birki, wanda da kansa yake sakin zaren in jan ya yi yawa. Yaran gaɓar Kaduna yatsunsu ne birkin. Ka zauna kusa da ɗayansu ka ga kayan aikinsa: sandar gora ko reshen da ya fere, zaren roba da aka naɗe a jikin gwangwanin madara ko gorar ruwa, ƙugiya 'yar kasuwa, noti ko tsohon fulogi daga wurin bakanike don ya nutsar da zaren, guntun tsohon silifa yana yawo a sama don ya nuna cizo. Yana kallon guntun silifar nan zai gaya maka wane ne a ƙasa. In yana rawa kaɗan-kaɗan, karfasa ce ke tsattsagar tana. In ya nutse a hankali ya tafi, tarwaɗa ce. Ya san tana ta fi samuwa a gindin ayaba da bakin lambu, ya san hanjin kaza da ya kwana yana kiran ramboshi, ya san mai neman giwan ruwa ƙaramin kifi mai rai yake maƙalawa ta baya don ya ci gaba da motsi. Ya san asuba da gab da magariba sun fi tsakar rana. Ba a aji ya koyi ko ɗaya daga cikin wannan ba. Daga yayyensa ya gani, su ma daga nasu.

Akwai kuma dalilin da ya sa wani lokaci yaro ke samun abin da ya gagari masunci. Masunci na neman abin kai wa kasuwa yau, saboda haka inda taru da birgi za su yi aiki yake zuwa. Babban kifi kuwa bai tsufa a banza ba. Kifi na ganinka mai jar koma. Yana ɓuya a ramukan da ke tsakanin duwatsu da gindin ƙafafun gada, inda raga ke yagewa. Ƙugiya guda ce ke shiga irin wannan wuri, kuma sai mai lokacin zama awa uku a kan dutse ɗaya. Yaro ne ke da wannan lokacin.

A daidai wurin da gwanintar take, nan haɗarin yake. Da yawa daga yara, don kada kifi ya ƙwace musu zare, sukan naɗe shi a hannu ko su ɗaura a wuyan hannu, wasu har a ƙugu in za su ɗan kishingiɗa. Karfasa ba za ta yi wa wannan komai ba. Ramboshi mai ƙarfi kuwa, fizgarsa ta farko ta isa ta yanka yatsa har ƙashi, ko ta finciko yaro daga kan dutsen da gansakuka ta lulluɓe. Da ya faɗa, zaren da ya ɗaura ya zama igiyar da ke jan sa ƙasa. Sai abokansa su yi abin da zuciya ta ba su, su faɗa su cece shi, wanda ke nutsewa kuma duk abin da ya kama ba ya saki. Ta haka gida biyu ko uku ke shiga makoki rana ɗaya. Da za a ce in zaɓi magana guda da kowane yaro a gaɓar nan zai haddace, ita ce: zare ba ya hawa jiki. A naɗe shi a gwangwani ko a sanda, in ja ya fi ƙarfi a saki. Ta biyu kuma, wanda ya faɗa ruwa a miƙa masa sanda ko a jefa masa jarka marar komai mai murfi, kada a bi shi.

Kogin ma ba shi ne wanda iyayen yaran suka sani ba. Ɗibar yashi ta bar ramuka a ƙasansa, yadda yaro zai yi tafiya ruwa iya gwiwa, taku ɗaya ya same shi a zurfin da ya shanye babba. Sannan kogin daga tsaunukan Jos ya taso, ya yi tafiyar kimanin kilomita 550 kafin ya faɗa Neja daura da Pategi, saboda haka ruwan saman da aka yi can nesa yana iya cika shi a Kaduna alhali ko ɗigo ba a yi a gari ba. Wanda ya zauna a kan dutsen tsakiya da hantsi zai iya juyowa da la'asar ya tarar hanyarsa ta rufe. Mutanen da suka ga ambaliyar 2003 da ta 2012 sun san abin da wannan ruwa ke iyawa a watannin Agusta da Satumba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 kaɗai mutum kusan 300,000 ne ruwa ya ci a duniya, yara da matasa na cikin waɗanda abin ya fi shafa, kuma in aka auna da yawan jama'a nahiyarmu ce a gaba. Tun daga wannan shekarar Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 25 ga Yuli don tunatarwa a kan hana nutsewa, ranar da ke faɗowa daidai lokacin da Kogin Kaduna ke cika.

Akwai cutar da ba ta da hayaniya irin ta nutsewa, wato tsargiya. Ƙwayarta tana fitowa daga jikin wasu ƙananan dodon koɗi da ke zaune a ruwa mai kwanciya, ta huda fatar mai wanka ko mai tsayuwa a ciki. Bayan wani lokaci yaro ya fara fitsari da jini. Har yanzu akwai masu ɗaukar wannan a matsayin alamar balaga, su yi shiru, alhali cuta ce da ke cin mafitsara a hankali, tana rage jini, tana dakushe karatu. Najeriya na sahun gaba a duniya wajen yawan masu ita, maganinta kuma ƙwaya ce, firazikwantal, wadda akan raba a makarantu. Uban da ɗansa ke zuwa fatsa ya kamata ya riƙa tambayarsa launin fitsarinsa ba tare da kunya ba. Ƙayar ƙurungu da girgizar minjirya kuwa, waɗannan yaran sun fi mu sanin su.

Sai mu zo ga abin da ya fi ɓata mini rai, wanda hoto ba ya nunawa: abin da ke faruwa bayan kifi ya fito. Yaro ya sha rabin awa yana fama, hannu duk jini. Kifi na isowa gaɓa sai ga wani ƙato ya taso daga inda yake zaune.

"Kai yaro, matsa, kawo in taya ka kada ya kuɓuce."

Ya sa hannu ya ɗago kifin da ya riga ya sallama. Daga nan maganar ta canza, ta koma "kifin da muka kama". In yaron ya ce, "Yaya, ai ni na kama," sai a ce ba shi da kunya. In ya tsira daga wannan, ga mai saye ta tare shi kafin ya hau titi.

"Ɗana, wannan ai ya fi ƙarfin tukunyar gidanku. Karɓi nan ka sayi takalmi."

"Mama, bari in kai gida tukuna."

"Kafin ka kai ya lalace. Karɓi, Allah ya yi maka albarka."

Yaron da bai taɓa riƙe kuɗi masu yawa ba zai ga an cika masa hannu, ba zai san an ba shi abin da bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba sai ya ga kifinsa a kan tebur a kasuwa an yanka shi gunduwa-gunduwa. A shari'a da al'ada duka, abin da aka kamo a ruwan da ba mallakin kowa ba na wanda ya kamo shi ne, ƙanƙantar shekaru ba ta soke wannan. Wanda ya taimaka yana da ladan taimako, in an ba shi kai ko wutsiya ya gode. Yaron da aka yi wa irin wannan ƙwace darasi biyu yake ɗauka, duka munana: cewa mai ƙarfi shi ke da gaskiya, da kuma cewa gobe ya tafi can nesa inda ba idon babba. Wato muguntar manya ita ke tura shi daidai wurin da in ya faɗa ba mai ji.

A nan akwai abin dubawa a tsarin ƙungiyar IGFA, mai hedikwata a Fulorida ta Amurka, wadda tun 1939 take ajiye tarihin manyan kifayen da aka kama da sanda. Ta ware wa yara rukuninsu: 'yan shekara 10 zuwa ƙasa daban, 'yan 11 zuwa 16 daban. Ƙa'idarta ita ce muddin wani ya karɓi sandar ko ya ja zaren yayin kokawar, kamun bai shiga littafi ba. Babba yana nan tsaye a gefe, yana ba da shawara, yana jiran ya taimaka a fito da kifin, amma aikin da sunan na yaron ne. Ba kayansu masu tsada nake sha'awa ba. Matsayin da suka ba babba nake so: yana kusa yadda zai cafke yaron in ya zame, bai kuma kai kusancin da zai cafke kifin ba.

Shi kifin fa? A dangin giwan ruwa, waɗanda suka fi girma galibi mata ne, kuma babbar mace guda tana zuba ƙwai miliyoyi, abin da ƙanana da yawa ba za su haɗu su yi ba. Duk babban kifin da aka fitar, shekaru ne na girma aka fitar, da zuriyar da zai bari. Wannan ne ya sa a wasu ƙasashe ake auna kifin, a ɗauki hoto, a mayar da shi. Akwai masu son a koya wa yaranmu haka. Na fahimci hujjarsu, amma ba zan iya kallon yaron da gidansu suka yi wata ba su ga nama ba in ce ya mayar da abincin kwana uku cikin kogi don amfanin gobe. Kuma gaskiyar magana, ba ƙugiyar yaro ce ta rage kifi a Kogin Kaduna ba. Ƙugiya ɗaya kifi ɗaya take kamawa.

Masu ƙarar da kifi an san su. Akwai mai zuba guba irin su gamalin a gurbi da rani, ya kwashe abin da ya taso, ya bar ninkinsa ya ruɓe a ƙasa, ya kuma sayar wa mutane abin da ya kashe da dafi. Akwai mai jan gidan sauro a matsayin taru, yana kwashe 'ya'yan da ba su kai yatsa ba. Dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta haramta guba da nakiya da wutar lantarki, ta kuma ƙayyade faɗin idon raga, amma doka sai da mai tsaron ta. Madatsar Shiroro, da ta fara aiki a 1990, da ta Zungeru da ta biyo baya a ƙasanta, sun ba ƙasa wuta, sun kuma datse hanyar da kifi ke bi daga Neja ya hauro da damina. Mutane na mamakin girman kifin Argungu, suna manta cewa sirrinsa hani ne: yankin kogin Matan Fada a rufe yake ga masu su sai ranar gasa, Sarkin Ruwa da Homa, shugaban masunta, suna tsaye a kan haka. Bikin da aka fara a 1934, lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, wanda UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2016, ya rayu ne saboda akwai masu iya cewa yau ba a shiga ruwa, a kuma ji maganarsu. Can ɗan Bakabe yana tasowa a gaban uba ko kawu, ya iya iyo da gora kafin a bar shi ya fuskanci babban kifi.

Gaɓar kudu tana da nata nauyin na daban. Tun da aka buɗe masaƙar Kaduna a Kakuri a 1957, wasu masana'antu suka biyo ta, yankin ya zama cibiyar aikin yi ta Arewa, kuma magudanun Kakuri da Makera suka zama hanyar da ruwan rini da na wanke-wanken injuna ke bi zuwa kogi. Yawancin masaƙun sun rufe tun shekarun 2000, amma magudanun ba su huta ba: yanzu ga ruwan kwata na unguwannin da suka cika maƙil, ga baƙin mai daga garejoji, ga leda, ga abin da Rafin Romi ke kwasowa daga nasa ɓangaren. Ƙarafa masu guba irin dalma da zaiba ba sa narkewa su ɓace. Suna kwanciya a laka, ƙananan halittu su ci, ƙananan kifi su ci waɗannan, babba ya cinye su duka ya tara a jikinsa shekara da shekaru. Ke nan kifin da ya fi burge ido shi ya fi tara abin da ke cikin ruwan. Tarwaɗar da aka kama daidai bakin magudana, komai ƙibarta, ban ga dalilin ba wa mai ciki ko ƙaramin yaro ita ba. Yaran sun fi son irin wuraren nan don kifi na taruwa a wurin, kuma ba wanda ya taɓa gaya musu bambancin sama da magudana da ƙasa da ita.

Wani abu kuma da ba na so a wuce shi. Tun rikicin 2000 da na 2002, kogin nan ya zama iyaka a zukatan mutanen Kaduna. Iyalai da yawa sun kwashe kaya sun haye, wasu kudu wasu arewa, kowa ya koma inda yake ganin nasa sun fi yawa. Manya da dama sun daina kallonsa a matsayin ruwa, sai dai a matsayin tsakani. A kan duwatsun rani kuwa za ka ga ɗan Gbagyi da ɗan Bahaushe da ɗan Bajju da ɗan Ibo suna rabon tana daga gwangwani ɗaya, suna gardama da Hausa a kan wa ya fi iya ɗaurin ƙugiya. Wuraren da yaran birnin nan ke haɗuwa haka ba shiri ba su da yawa. Wanda ya ce a kore su daga bakin kogi gaba ɗaya, ya san har da wannan yake kora.

Abin da nake ganin ya dace ba ya buƙatar wata sabuwar hukuma. Masuntan da ke gaɓar nan, da Sarkawa da Nufawa da sauran waɗanda ruwa ne gadonsu, su suka san inda ramukan yashi suke, su ake kira in an rasa wani. Maimakon a tuna da su ranar neman gawa kaɗai, a ba su aikin koyar da iyo da rani a wuri marar zurfi da aka killace, sama da magudanun, a biya su. Masu unguwanni da limamai da fastoci su tsayar da magana ɗaya: daga Yuli zuwa Oktoba ba yaron da ke hawa dutsen tsakiya, kuma ko da rani ba mai zuwa shi kaɗai. A kowace mashiga da yara suka saba bi a rataye jarka da doguwar igiya. 'Yan yashi su kafa alama a inda suka haƙa.

Sannan a ba gwanintar yaran fili. Gasar fatsa ta yara sau ɗaya a shekara, a Fabrairu ko Maris lokacin da ruwa ya kwanta, kowane yaro da babba guda a bayansa wanda ba ya taɓa zare. A kawo sikeli da abin awo, a rubuta irin kifin da tsayinsa da inda aka kama shi, da sunan wanda ya kama. Kifin na yaron ne, in ya so ya kai gida. In kuwa babbar giwan ruwa ce ya yarda a mayar da ita, a biya shi cikakken kuɗinta a gaban jama'a, don kada kiyaye kogi ya zama harajin da talaka kaɗai ke biya. Littafin da aka rubuta a haka, in ya yi shekara biyar, zai nuna wa masana a Jami'ar Jihar Kaduna da cibiyar binciken kifi ta New Bussa ko giwan ruwa na dawowa ko tarwaɗa ce kaɗai ta rage. Barnawa da Kakuri da Makera suna ƙarƙashin ƙaramar hukumar Kaduna ta Kudu, Nasarawa da Kudenda suna ƙarƙashin Chikun. Su biyun ne ya kamata su kira shugabannin masunta zama kafin ruwa ya sake janyewa.